Awon Jinin Da Aka Kira Ƙazafi

Haƙƙi biyu ne a wuyana a shekarar da zan ba ku labarinta. Na farko na yi rantsuwa a kansa tun ranar da na kama aikin jinya a Katsina: duk abin da majinyaci ya faɗa mini a asirce, zai zauna a cikina har sai shi da kansa ya ba ni izinin faɗa. Na biyu na ungozoma ne: duk cikin da idona ya gani, wajibi ne in yi iyakar ƙoƙarina ya sauka da rai da lafiya. Na yi aiki har na yi ritaya waɗannan biyun ba su taɓa cin karo da juna ba, sai a Alƙahira, a shekarar 2013. Ku 'ya'yana kun ji a bakin mutane cewa an cire uwarku daga taron matan ɗalibai a Masar saboda ta yi wa matan malamai ƙazafi. Kun ji, kun yi mini kara, babu wanda ya tambaye ni. Yanzu masu asirin sun ba ni izini, don haka zan rubuta abin da ya faru yadda ya faru.

Mahaifinku ya tafi neman digirin dakta ne bayan furfura ta cika masa gemu, ni kuma na bi shi. Muka kama shaƙƙa, wato ɗakunan haya, a Ard al-Liwa, unguwar da in ka leƙa ta taga sai ka ga shanyar maƙwabci tana taɓa taka, ƙasa kuma tuktuk, wato babur mai ƙafa uku, na rige-rige da masu tura baro. Layin dogo ne ya raba mu da Muhandisin, inda manyan asibitoci da ofisoshi suke. Ƙofarmu tana kallon ta Hajja Maimuna, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka fito aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can. Ɗalibanmu na Arewa suna da ƙungiya, tana da kwamitin dattawa, shugabansa Malam Sha'aibu. Mata kuma muna da taron Alhamis da la'asar, gida-gida muke zagayawa. Ni ce sakatariyar taron, kuma tunda an san aikina, duk mai ciki sai ta zo in auna ta. Suna kirana Mama Sista.

Cikin matan akwai Sakina, yarinya mai natsuwa, tana ɗauke da cikin fari. Mijinta Nafi'u yana da ƙira'ar da ake cika masallaci dominta. Kamar ɗalibai da yawa, yana yin tafinta ga 'yan ƙasarmu masu hali da ke zuwa jinya Muhandisin. A wannan shekarar sai ya fara ramewa, ya kwana biyu idonsa biyu yana zuba surutu, sannan ya faɗi barci kamar gawa. Dattawa suka ce hassada ce saboda muryarsa, aka duƙufa yi masa ruƙiyya. Wata safiya Sakina ta same ni ina tsintar shinkafa tare da Hajja Maimuna.

"Mama, don Allah ki zo ki duba mini bakin Ustaz. An yi karatu har muryar malamai ta dushe, shi kuwa leɓensa duk ya tsage."

"Aljanin nan nasa ɗan gayu ne, ya hakima," in ji Hajja Maimuna, wadda haka take kirana da Larabci, wato malamar jinya. "Ba ya kama shi a unguwar talakawa, sai ya tsallaka layin dogo."

Mahaifinku ya raka ni, ya zauna a baranda. Na aiki Sakina ta dafa shayi. Na ce wa Nafi'u ya buɗe baki, na ga ƙuna a leɓe da fararen tabo a ciki. Na ce ya buɗe hannu. Babban yatsansa na dama ya yi baƙi da kanta irin na mai yawan kunna leta, tafin hannuwan kuma cike da ƙuraje masu launin tsatsa. Na tambaye shi ko suna ƙaiƙayi, ya ce a'a. Na ce ya nuna mini tafin ƙafa, nan ma haka. Duk wanda ya yi aiki a asibiti ya san ciwon da ke fesowa a tafin hannu da na ƙafa ba ƙaiƙayi.

"Nafi'u, aljani ba ya ƙona yatsa da leɓe. Me kake sha?"

"Mama Sista, ki rufa mini asiri."

"Asirinka yana hannuna. Amma ba zan iya yi maka magani a kan ƙarya ba."

Sai ya faɗa mini. Wani attajiri da ya kawo ɗan'uwansa jinya ya kama shaƙƙa a Muhandisin, can ya fara ba shi. Hodar iblis ce da ake dafawa ta daskare ta zama 'yan ƙananan tsakuwa, sukan kira ta dutse, ana zuba ta a bututun gilashi a ƙona a zuƙi hayaƙin. Ya ce daɗinta ba ya daɗewa, kafin ka ajiye bututun zuciyarka ta koma neman wani. Attajirin ya tafi, amma gidan bai rufe ba. Akwai mata da ke zuwa, waɗanda su ma dutsen ya kama, ba su da abin bayarwa a madadinsa sai jikinsu. Na tambaye shi su nawa ya kusanta, ya ce bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba.

Ina so ku fahimci wannan, domin a nan ne dattawanmu suka kasa fahimta. Hayaƙin da kansa ba shi ke haifar da cutar ba. Abin da yake yi shi ne ya cire wa mutum kunya da tsoro a lokaci guda, ya tara mutane da yawa a ɗaki ɗaya, ya mayar da jiki abin musaya, ya kuma bar ƙuna da tsaga a baki waɗanda ke sauƙaƙa wa cuta shiga. Wanda ke cikin wannan hali ba ya tunanin kariya, ba ya zuwa asibiti, ga shi kuma yana komawa gida wurin matarsa ta sunna. Na kai Nafi'u wurin awo. Ƙanjamau ba a samu ba, alhamdu lillahi, ko da aka sake aunawa daga baya. Amma tunjere ya tabbata. Tunjere a jikin mai ciki yana ratsawa zuwa ga ɗan tayi: ko cikin ya zube, ko a haifi gawa, ko a haifi yaro da lahani. Maganinsa kuma ba wani abu ba ne illa allurar fenisilin, in an yi ta da wuri kafin haihuwa.

Aka fara yi wa Nafi'u allura. Na ce masa wajibi ne ya gaya wa Sakina, kuma zan zauna tare da su in yana so. Ya ce in ba shi lokaci ya nemi fatawa. Ya je ya kwashe komai ya faɗa wa Malam Sha'aibu, ya dawo mini da hukunci: wanda Allah ya suturta kada ya tona kansa, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, kada matar ta ji. Kuma tunda cikin fari ne, a gaggauta mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda al'ada take, shi kuma ya samu sararin gyara kansa. Har an fara neman tikiti. Na san ƙauyen su Sakina. A lokacin babu inda za a yi mata wannan awo a kusa da su, kuma babu wanda zai yi tunanin nema. Da izinin Nafi'u na je wurin Malam Sha'aibu, mahaifinku yana gefe.

"Allah gafarta Malam, suturar da addini ya yi umarni da ita ta zunubi ce, kuma ban zo in tona zunubin kowa ba. Amma tuban miji ba ya fitar da cuta daga jinin matarsa."

"Hajiya, ke asibiti kika karanta, mu kuma shari'a. Gida kike so ki rusa? Ta je gaban iyayenta, Allah ne mai tsarewa."

"In ta hau jirgin nan ba a yi mata allura ba, ina tsoron abin da za a haifa."

"Shi ke nan, Hajiya. Magana ta ƙare."

Na koma wurin Nafi'u, ya yi ta kuka, amma ya ce ba zai saɓa wa malaminsa ba. Ga ni tsakanin haƙƙi biyu. In na gaya wa Sakina da bakina, na ci amanar majinyaci. In na ɗauke ta ita kaɗai zuwa awon irin wannan cuta, a unguwar da kowa ya san inda kowa ya nufa, na nuna gidansu da yatsa. Sai na tuna abin da muke yi a gida: a asibitin da na yi aiki, duk mai ciki ana yi mata wannan awo, matar alƙali da matar leburan kasuwa, ba don ana zargin kowa ba. Matanmu na Alƙahira yawanci ba sa yi, sukan tsaya a hoton ciki kawai. Na gaya wa mahaifinku abin da na ƙudurta.

"Hajiya, kin san sunan da za su ba wannan abin?"

"Na sani, Malam. Kuma kai zai fi shafa."

"To ki yi. In aka haifi yaron nan da rai, ya ishe mu."

Ranar Alhamis, bayan an kammala darasi an kawo shayi, na miƙe na ce na yi magana da wata likita a wani ƙaramin asibiti, kuma ina son duk mai ciki a cikinmu ta zo mu je a auna jini. Aka tambaye ni awon me. Da na ce awon ƙarancin jini ne kawai, da babu abin da zai biyo baya. Amma ban taɓa ɗibar jinin mutum a kan yaudara ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Na lissafa musu: ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon hanta, tunjere, ƙanjamau. Matar wani babban ɗalibi ta ajiye kofinta.

"Tunjere? Ciwon matan banza? Mama Sista, mu kike nufi ko mazajenmu mahaddata?"

"Ba na nufin kowa, 'yata. Awo ne da ake yi wa kowace mai ciki. Wadda ba ta so, babu tilas."

Hajja Maimuna ta naɗe hannun riga ta miƙo mini dantsenta.

"Yalla, fara da ni. Cikin da na ɗauka na ƙarshe yanzu yana da gemu, amma a auna, kada a ce na ji tsoro."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauki mayafi suka fita. Duk da haka da safe mata suka zo, ba duka ba, amma sun isa a ce ayari ne, kuma Sakina tana cikinsu. Da sakamako ya fito, likitar ta ga kowace mace ita kaɗai a ɗaki, ta ba kowacce daga cikinsu lokaci daidai, kamar yadda na roƙe ta, don kada daɗewar wata ta zama abin magana. A ƙaramar bas ɗin komawa Sakina ta zauna kusa da ni, ta riƙe wuyan hannuna, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, dama kin sani?"

"Abin da na sani ba nawa ba ne. Ki tambayi mijinki. Ni abin da nake so, kada ki tsallake allura ko ɗaya."

Ba ta tsallake ba. Ta tambayi mijinta, ya faɗa mata gaskiya. Ita da kanta ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta haihu a gaban likitar da ta san ciwonta, ta tattara kayanta ta dawo ɗakin Hajja Maimuna, aka ce wa mutane hawan benensu ne ya yi mata yawa. Ita ce kuma ta sa wa Nafi'u sharaɗin shiga gidan jinyar masu shaye-shaye da ke bayan gari. Dattawa suka ce wa jama'a ya tafi hutu da canjin iska.

Yana can aka kira zama a kaina. Mazajen wasu mata sun kai ƙara cewa na jefi matan aure masu kamun kai da zargin alfasha a bainar jama'a. Bisa al'adar kwamitin, mace ba ta halarta, mijinta ne ke amsawa. Na ce ni na yi magana, ni zan amsa, aka ajiye mini kujera a bayan labulen falo. Aka ba ni zaɓi biyu: ko in faɗi wadda nake zargi in kawo hujja, ko in amsa cewa na zargi kowa ba hujja, in nemi gafara. Wanda ya karanto mini wannan zaɓi shi ne Malam Sha'aibu. Wannan shi ne abin da har yau nake jin zafinsa. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan bayan mahaifinku da ya san dalilina, ya san sunan, ya san cutar, kuma shi ne ya zauna a kujerar shugaba yana tambayata kamar bai taɓa ji ba. Ya san ba zan faɗa ba, kuma a kan wannan sanin ya jingina.

"Allah gafarta Malam," na ce ta bayan labule, "ban zargi kowace mace ba, don haka ba ni da sunan da zan bayar. Ba zan kuma nemi gafara a kan awon da ake yi wa kowace mai ciki ba. In akwai wanda ya san wani dalili a ɗakin nan, shi ya faɗa."

Babu wanda ya faɗa. Aka cire ni daga sakatariya, aka hana ni halartar taron Alhamis, aka rubuta a kundin ƙungiya cewa na yi ƙazafi na ƙi tuba, aka aika kwafi gida. Na miƙa musu rajistar mata cikakkiya, babu shafin da ya ɓata. Matan da na riƙe wa hannu a ɗakin haihuwa suka koma tsallaka titi in sun hango ni a kasuwar kayan miya. Makarantar da ta yi wa mahaifinku alkawarin kujerar koyarwa in ya dawo ta yi shiru, ba ta sake amsa masa ba. Bai taɓa ɗaga mini wannan magana ba har ya koma ga Allah.

Sakina ta haifi mace. Na tsaya a kanta har likita ta gama dubawa, aka auna jinin jaririyar, aka ci gaba da bibiya wata da watanni, babu komai. Yarinya ce mai ƙarfin kuka, da gashi cike da kai. Suka sa mata sunana.

Al'adar ɗalibanmu ce ranar munaƙasha, wato ranar da mai neman digiri zai kare kundinsa a gaban malamai, a cika zauren maƙil, a zo da alewa da lemo. Mahaifinku ya halarci ta kowa tun zuwanmu. Ranar tasa, kujerun da aka tanada wa 'yan ƙasarmu suka zauna babu kowa, sai ni, da Hajja Maimuna, da Sakina da goyo a bayanta. Da aka sanar ya samu daraja mafi girma, Hajja Maimuna ta rangaɗa guɗa ita kaɗai har malaman suka ɗago kai, jaririyar ta farka ta tsala kuka. Mahaifinku ya sauko da alkyabbarsa, bai je wurin kowa ba sai wurin Sakina, ya karɓi yarinyar ya ɗaga ta.

"Hajiya, kin ga zaure ya cika," ya ce da ni.

Ba zan ce muku komai ya daidaita nan take ba. Nafi'u ya fito, ya sake faɗawa, ya sake komawa jinya. Sakina ta yi zaman gidansu lokaci mai tsawo kafin ta yanke shawarar komawa, kuma shawararta ce, ban sa baki ba. Yau Nafi'u yana koyarwa a wata Islamiyya, ya daɗe rabonsa da dutse. Da Sallar da ta wuce suka zo mini da takwarata, ta yi tsawo har ta kusa kamo uwarta. Nafi'u ya durƙusa a tsakar gidan nan.

"Mama Sista, kin ɗauki kayana ya isa. Ki faɗa. In an kira ni, zan tsaya in faɗa da bakina."

"Ni ma haka, Mama," in ji Sakina. "Kuma a gaban mata nake so."

Saboda haka, ni da aka yanke wa hukunci, ina gabatar da wannan buƙata ga majalisar tsofaffin ɗalibanmu na Masar, wadda kundin ƙungiyar ke hannunta a yanzu, kuma na ɗora muku, ku 'ya'yana, alhakin isar da ita. Ina neman a sake buɗe binciken zaman da aka yi a kaina. A kira Nafi'u da Sakina, sun amince su ba da shaida. A tambayi Malam Sha'aibu, cikin girmamawar da ta dace da shekarunsa, tambaya guda: ranar da ya nemi in faɗi suna, ya san sunan ko bai sani ba? In ta tabbata ya sani, ina neman a soke kalmar ƙazafi daga kan sunana, a rubuta gyaran zuwa duk inda aka aika kwafin farko, har da makarantar da ta juya wa mijina baya, a kuma karanta shi a taron matan Alhamis, inda aka fara maganar. Ina kuma neman majalisa ta shawarci matan ɗalibanmu da ke can yanzu su riƙa yin wannan awo a kowane ciki, ba tare da an kira shi zargi ba. Ba na neman a hukunta kowa. Mahaifinku ya rasu ana kiransa mijin mai ƙazafi, kuma ina son a gyara wannan tun ina da ran da zan ji an karanta.